Uwa Ɗaya a Garuruwa 12: Nazarin Mutum-mutumin Matan Ƙaura a Tsohuwar Hanyar Amurka

Gabatarwa

Tsakanin 4 ga Yulin 1928 da 19 ga Afrilun 1929, an kafa mutum-mutumi 12 a jihohi 12 na Amurka, daga Maryland a gabas har Kalifoniya a yamma. Dukkansu siffa ɗaya ce daga mazubi ɗaya: mace sanye da doguwar riga da hular kare rana da manyan takalma, jariri a hannunta na hagu, bindiga a na dama, ƙaramin yaro kuma ya riƙe gefen rigarta. Sunansu Madonna of the Trail, suna da aka aro daga yadda masu zanen Kirista ke nuna Maryamu rungume da ɗanta. An yi su ne don tunawa da iyaye mata da suka yi ƙaura zuwa yammacin ƙasar a cikin keken shanu a ƙarni na 19, aka jera su a bakin hanyar mota da ake kira National Old Trails Road, mai tsawon kimanin mil 3,000.

Wannan nazari ya dubi yadda aka yi su, da abin da suke faɗa, da abin da suka bari. Matsayar da zai kare ita ce, waɗannan siffofi sun fi bayyana Amurkar shekarun 1920 fiye da zamanin ƙaurar da suke tunawa da shi, kuma zuba mace guda ɗaya a kan hanyar da ta ratsa al'ummomi daban-daban shi ne ya ba su ƙarfi, shi ne kuma ya jawo babban giɓin da ke cikinsu.

Hanyar da aka ɗinke daga tsofaffin hanyoyi

Kafin a fahimci mutum-mutumin, sai an fahimci hanyar, domin ba hanya ɗaya ba ce tun asali. Ɓangarenta na gabas shi ne National Road, babbar hanya ta farko da gwamnatin tarayya ta gina da kuɗinta. Shugaba Thomas Jefferson ya sa hannu a dokarta a 1806, aka fara aiki a Cumberland ta Maryland a 1811, ta isa Wheeling a bakin kogin Ohio a 1818, daga ƙarshe ta tsaya a Vandalia ta Illinois da kuɗi suka yanke a ƙarshen shekarun 1830. A Missouri akwai hanyar Boone's Lick. Daga nan sai hanyar Santa Fe, wadda ɗan kasuwa William Becknell ya buɗe a 1821, shekarar da Meziko ta sami 'yanci daga Sifaniya. Sauran tazarar zuwa Los Angeles ta bi sawun hanyoyin Sifaniyawa da na sojoji da na 'yan asalin ƙasar. Jirgin ƙasa ya kashe kasuwar waɗannan hanyoyi ɗaya bayan ɗaya. Ta Santa Fe ta mutu da dogo ya iso garin a 1880.

Mota ce ta tayar da su. Kamfanin Ford ya fitar da Model T a 1908, kafin a daina ƙera ta a 1927 an yi miliyan 15. Masu mota suka yi yawa, hanyoyin karkara kuwa laka ce da damina, ƙura da rani. Sai ƙungiyoyi masu zaman kansu suka taso, kowace ta zaɓi jerin garuruwa, ta raɗa wa hanyar suna, ta shafa fenti a jikin turakun waya don matafiyi ya gane, sannan ta matsa wa gwamnati lamba a shimfiɗa ta. Ƙungiyar National Old Trails Road, wadda aka kafa a Kansas City a 1912, ɗaya ce daga cikinsu. Jarinta shi ne tarihi: ta ce duk wanda ya bi hanyarta sawun kakanni yake bi.

Masu aikin

Tun kafin wannan ƙungiya, mata ne suka fara sa alama a tsofaffin hanyoyin. Ƙungiyar Daughters of the American Revolution, DAR a taƙaice, an kafa ta a 1890, kuma ba ta karɓar mace sai ta tabbatar da cewa wani kakanta ya taimaka a yaƙin neman 'yancin Amurka daga Ingila. Rassanta na Kansas da Missouri sun dasa ƙananan duwatsu a kan hanyar Santa Fe tun farkon ƙarni na 20, kafin garma da siminti su shafe sawun keken shanu. Daga baya uwar ƙungiyar ta kafa kwamitin tsofaffin hanyoyi. Shirin farko shi ne a sa ƙananan alamomi a duk tsawon hanyar, amma yaƙin duniya na ɗaya da tsadar aikin suka hana. Arlene Nichols Moss ta St. Louis, wadda ta shugabanci kwamitin a shekarun 1920, ita ce ta sauya dabara: kowace jiha ta sami babban mutum-mutumi guda ɗaya.

August Leimbach, masassaƙi haifaffen Jamus da ke zaune a St. Louis, shi ya tsara siffar a 1927. Ba a sassaƙa ta daga dutse ba, kuma ba a zuba ta da tagulla ba. An kwaɓa niƙaƙƙen dutsen Missouri da siminti da wasu haɗe-haɗe, aka zuba a mazubi, abin da ya ba ta launin ja-ja. Tsawon macen ƙafa 10 ne, nauyinta kusan tan 5, kuma idan aka haɗa da dandamali da harsashi, tsawon ya kai ƙafa 18. Kowace ta ci kimanin dala 1,000. Arhar nan ita ta sa aikin ya yiwu, ita ce kuma ta tilasta a yi siffa guda, domin mazubi ɗaya aka biya.

Mutum na uku a labarin shi ne Harry S. Truman, wanda a lokacin babban jami'in gudanarwa ne na gundumar Jackson a Missouri, aikin da gina hanyoyi ke cikinsa. Ya zama shugaban ƙungiyar National Old Trails Road a 1926. Tare da Moss suka zagaya garuruwan da ke takarar samun mutum-mutumin, ya kuma yi jawabi a wasu bukukuwan buɗewa. A 1945 ya zama shugaban Amurka.

Akwai abin lura game da shekarar 1926 ɗin. A watan Nuwambanta ne aka amince da tsarin ba manyan hanyoyin Amurka lambobi a maimakon sunaye. Gabashin tsohuwar hanyar ya zama US 40, babban ɓangaren yammacinta ya zama US 66. Ke nan lokacin da aka buɗe mutum-mutumi na farko, sunan da aka rubuta a bayansa ya riga ya fara fita daga taswira. Siffofin sun zama hanyar riƙe sunan da hukuma ta saki.

An fara da Springfield ta Ohio, sai Wheeling bayan kwana 3. A watan Satumbar 1928 kaɗai an buɗe guda 5: Council Grove ta Kansas, Lexington ta Missouri, Lamar ta Colorado, Albuquerque ta New Mexico da Springerville ta Arizona. Vandalia da Richmond ta Indiana suka biyo a Oktoba, Beallsville ta Pennsylvania a Disamba, Upland ta Kalifoniya a Fabrairun 1929, aka rufe da Bethesda ta Maryland.

Abin da siffar ke faɗa

Wanda ya tsaya gaban mutum-mutumin zai ga mace ƙaƙƙarfa, mai faɗin kafaɗa da kaurin hannu, ta ɗaga ƙafa tana tattaka ƙaya, idonta a nesa. Babu miji a gefenta. Wannan sabon abu ne idan aka kwatanta da siffofin tunawa da suka gabata, inda namiji ke kan gaba da gatari ko bindiga, mace kuwa, in ma an sa ta, tana zaune a ƙasa da goyo. A nan ita ce a tsaye, ita ce da makami.

Sai dai ƙarfin nata an ɗaure shi da haihuwa. Hannu ɗaya jariri, ƙafa ɗaya yaro, bindigar ma ta bakinta ta riƙe kamar sanda, ba ta auna kowa ba. Wannan ya dace da lokacin. A 1920 matan Amurka suka sami 'yancin jefa ƙuri'a a duk faɗin ƙasar, 'yan matan birni suka rage tsawon siket da na gashi, suka shiga ofis da masana'anta. Ƙungiya mai ra'ayin riƙau irin DAR na so a ba mace gurbi a tarihin ƙasa, amma gurbin uwa mai tarbiyya. Masaniyar tarihi Cynthia Culver Prescott, a littafinta na 2019 kan irin waɗannan siffofi, ta nuna cewa ƙarshen shekarun 1920 ne aka fi kafa su, kuma kusan duka farar mace ce mai hular kare rana da 'ya'ya. Wadda attajirin mai E. W. Marland ya ɗauki nauyinta a Ponca City ta Oklahoma, aka buɗe a 1930, tana jan yaro da hannu ɗaya, tana ɗauke da Littafi Mai Tsarki a ɗayan.

Wata damuwar kuma ita ce ta asali. Ƙidayar 1890 ta bayyana cewa babu sauran wani layi da za a ce shi ne iyakar inda Turawa suka zauna, sannan a 1893 Frederick Jackson Turner ya fito da ra'ayinsa cewa cin sabuwar ƙasa ne ya gina halin Ba'amurke. Tsofaffin da suka yi tafiyar suna ta mutuwa, baƙi kuma na ta kwararowa daga kudanci da gabashin Turai. A 1924 majalisa ta yi dokar da ta rage shigowarsu sosai, ta kuma rufe ƙofa ga 'yan Asiya. A irin wannan yanayi, kafa farar uwa a bakin hanya daga teku zuwa teku amsa ce ga tambayar su wane ne masu ƙasa.

Rubutun da ke jikin dandamalin ya ƙara fito da wani abu. Gaba da baya iri ɗaya ne a ko'ina, gefe biyu kuwa an bar wa kowane gari ya taƙaita tarihinsa. Sunayen da suka fi fitowa a nan na maza ne. Bethesda ta ambaci Janar Braddock, Wheeling ta ambaci Henry Clay, Vandalia ta ambaci Abraham Lincoln wanda ya yi ɗan majalisa a garin, Lexington ta jera 'yan kasuwa da masu sufuri irin su Russell da Majors da Waddell, Springerville ta ambaci Coronado, Upland ta ambaci Jedediah Smith. Macen da ke sama ba ta da suna, mazan da ke ƙasa kowa da nasa. An girmama mata a dunƙule, an rubuta tarihi da sunan maza.

Tsakanin siffa da abin da ya faru

Ba ƙarya siffar ta yi ba game da wahala. Tsakanin 1840 da 1860 kimanin mutum 300,000 suka ƙetare zuwa Oregon da Kalifoniya da Utah, tafiyar wata 4 zuwa 6. Littattafan da matan suka riƙa rubuta abin da ya faru kullum a ciki, waɗanda John Mack Faragher da Lillian Schlissel suka yi nazari a 1979 da 1982, sun nuna cewa sau da yawa miji ne ke yanke shawarar tashi, matar ta bi ba da son ranta ba. Ita ce mai girki da kashin ɓauna a inda babu itace, mai wanki, mai jinya, wani lokaci mai kora shanu. Wasu sun haihu a hanya, ayari bai jira su fiye da kwana ɗaya ko biyu ba. Da yawa sun riƙa ƙirga kaburburan da suka wuce.

Amma abin da ya fi kashe su cuta ce, musamman kwalara a shekarun 1849 zuwa 1852, sai haɗurra kamar nutsewa a kogi, da faɗawa ƙarƙashin ƙafar keke, da tashin bindiga bisa kuskure. Bindigar da ke hannun mutum-mutumin tana nuni da wani abokin gaba dabam, wanda rubutun Springerville ya kira sunansa a fili, wato Apache da sauran ƙabilu. Lissafin John Unruh na waɗannan shekaru 20 ya nuna matafiya 362 ne 'yan asalin ƙasar suka kashe, matafiya kuma suka kashe 426 daga cikinsu. Ciniki da jagora da taimakon ƙetare kogi sun fi faɗa yawa a tsakaninsu.

Akwai kuma rashin daidaito tsakanin siffar da hanyar da aka dasa ta. A gabas ta dace, domin iyalai sun bi National Road zuwa Ohio da Indiana da Illinois. Hanyar Santa Fe kuwa ta fatake ce da sojoji, kusan duk maza, masu kai yadi da kayan ƙarfe su dawo da azurfa da alfadarai, kuma 'yan kasuwar Meziko na da babban kaso a ciki. Hanyar da iyalai suka fi bi zuwa yamma mai nisa ta Oregon ce, wadda ke can arewa, babu ko ɗaya daga cikin 12 ɗin a kanta. Shahararriyar macen da ta bi ta Santa Fe, Susan Shelby Magoffin, amarya ce 'yar shekara 18, matar attajiri, wadda ta yi tafiyar a 1846 cikin karusa da tanti da baƙar mace mai yi mata hidima mai suna Jane. Ta yi ɓari a sansanin Bent's Fort. Wahalarta gaskiya ce, amma ba irin ta cikin mutum-mutumin ba ce.

Matan da aka tsallake

Mutanen Santa Fe sun ga wannan rashin daidaito tun a lokacin. Garin ne ya kamata ya karɓi ta New Mexico, amma marubuta da masu zanen da ke zaune can, cikinsu har da Mary Austin da Frank Applegate, suka ƙi. Sun kushe ta a matsayin aikin fasaha, suka kuma ce ba ta wakiltar waɗanda suka fara zama a yankin. Iyalan Sifaniyawa sun shigo tare da Juan de Oñate a 1598, an kafa Santa Fe a wajen 1610, mutanen Pueblo kuwa sun girme su da ɗaruruwan shekaru. A irin wannan gari, mace mai hular kare rana ita ce baƙuwar da ta zo a makare. Aka kai ta Albuquerque.

Sauran wuraren ma kowanne na da nasa. Council Grove ta samo sunanta daga taron da wakilan Amurka suka yi da ƙabilar Osage a 1825, inda aka biya dala 800 don a bar ayari ya wuce. Daga baya aka tsugunar da ƙabilar Kaw a kewayen garin, sannan a 1873 aka kwashe su zuwa yankin da ya zama Oklahoma. Matansu ma sun yi tafiyar da goyo. Arewa da Lamar akwai Sand Creek, inda a 29 ga Nuwamban 1864 dakarun Kanar John Chivington suka faɗa wa zangon Cheyenne da Arapaho, suka kashe fiye da mutum 150, mafi yawansu mata da yara da tsofaffi. Gabas da Upland kaɗan akwai San Bernardino, inda aka kawo Biddy Mason a 1851. Baiwa ce da ta bi ayarin ubangidanta a ƙafa daga Mississippi zuwa Utah a 1848, tana kora dabbobi da 'ya'yanta mata 3, ɗaya jaririya. Kotu ta 'yanta ta a Los Angeles a 1856, ta zama ungozoma, ta mallaki filaye, ta taimaka wajen kafa cocin baƙaƙen fata a birnin. Da wuya a sami wadda ta fi ta dacewa da bayanin da mutum-mutumin ke yi, amma ba ita aka nufa ba. Ƙungiyar DAR da ta kafa siffofin ita ce ta hana mawaƙiya Marian Anderson ɗakin taronta na Washington a 1939 saboda launin fatarta, abin da ya sa Eleanor Roosevelt, matar shugaban ƙasa a lokacin, ta fita daga cikinta.

Bayan hanya ta kauce

Dokar manyan hanyoyi ta 1956, a zamanin Shugaba Eisenhower, ta kawo I-70 da I-40, waɗanda suka zagaye tsakiyar garuruwa. Matafiyin da aka yi siffofin dominsa ya daina wucewa ta gabansu. Springerville ma tun farko US 66 ta bar ta, ta bi ta Gallup. Duk da haka dukkan 12 ɗin suna nan. An gusar da wasu: ta Albuquerque ta matsa a shekarun 1990 saboda ginin kotun tarayya, ta Springfield an kai ta tsakiyar gari a 2011, ta Bethesda kuma an ɗauke ta na ɗan lokaci a 2004 da bututun ruwa ya fashe ƙasa ta zaizaye a ƙarƙashinta. Rassan DAR da hukumomin garuruwa ke kula da su, kuma akwai masu yawon buɗe ido da ke ɗaura niyyar ganin duka.

Muhawarar ma ba ta mutu ba. A Yunin 2020, lokacin zanga-zangar nuna adawa da wariyar launin fata, an kayar da mutum-mutumi 2 na masu ƙaura a Jami'ar Oregon, ɗaya daga cikinsu uwa ce. Wannan ya nuna cewa siffar uwa, wadda aka daɗe ana ɗauka ba ta da siyasa, yanzu ana karanta ta a matsayin ɓangare na labarin mamaye ƙasa.

Kammalawa

Abu uku suka haɗu suka haifi Madonna of the Trail: garuruwa masu neman kwalta da matafiya, ƙungiyar mata mai neman gurbi a tarihin ƙasa, da al'ummar da ke fargabar sauyin da baƙi da sabon zamani suka kawo. Abin da Moss da abokan aikinta suka cim ma ba ƙarami ba ne, domin sun tsayar da mace ita kaɗai, a kan ƙafafunta, a jihohi 12, a zamanin da dandalin gari na janarori ne da 'yan siyasa. Amma mazubi ɗaya ba zai ɗauki tarihi 12 ba. Abin da ya dace da Richmond bai dace da Albuquerque ba, kuma uwar da ta iso Council Grove ta iso ne a ƙasar da aka kori wata uwar.

Saboda haka mai nazari zai fi amfana idan ya ɗauke su a matsayin shaidar 1928, ya tambayi wanda ya biya, da wanda ya zaɓi wurin, da wanda ya rubuta kalmomin gefe. Tarihin matan ƙarni na 19 kuwa yana cikin littattafan da suka rubuta da hannunsu, da takardun kotu irin na shari'ar Biddy Mason, da yarjejeniyoyin filaye, da labaran da Kaw da Cheyenne da Arapaho suka adana a bakinsu. Aikin da ya rage wa garuruwan nan shi ne su kawo waɗannan sunaye kusa da dandamalin, ta yadda mai tsayawa zai karanta su tare da na Braddock da Coronado.